Tseren Malam Nu'umanu

Duk yaron da aka haifa a ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe cikin shekara ashirin ɗin nan, da wuya a ce bai taɓa tsala ihu a hannun Malam Nu'umanu mai rigakafi ba. Siriri ne kamar karan dawa, ga saurin tafiya. Idan damina ta cinye hanya babur ya gaza, sai ya rataya akwatin allurarsa ya ratsa gonaki a ƙasa, don ƙanƙarar da ke cikin akwatin ba ta jiran kowa. Aibinsa ɗaya: ba ya iya wuce mutum bai gaisa ba, kuma gaisuwar tasa sai ta kai kan awaki.

Ƙaramin asibitin da yake aiki ba shi da rijiya. Mace na naƙuda, 'yan uwanta na can rafi da bokiti. Abin ya daɗe yana ci masa rai. Sai ga wata ƙungiyar 'yan asalin yankin mazauna birni ta shirya tseren taimako: kilomita sittin ta hanyar daji, daga Tambuwal a zagaya a ɓulla Kebbe. Kowane ɗan tsere zai ambaci aikin alherin da yake yi wa gudu, wanda duk ya isa kafin kiran magariba a yi masa aikin. Nu'umanu ya rubuta sunansa, ya rubuta rijiya.

Matarsa Raliya ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, da hurhurarka za ka tsere da ɗiyan cikinka? Kai da ko kaza ka gamu da ita sai kun gaisa?"

"Wanga karo hannu kaɗai nika ɗagawa," in ji shi.

Ranar tseren kuwa ya cika alkawari har azahar. Samarin birni masu takalma masu tsada suka fyalla da sassafe suka bar shi da dogon wandonsa, yana 'yar sassarfa. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Rana na take tsaka ya fara tsintarsu ɗaya bayan ɗaya a gindin itatuwa suna haki. Ana kwaɗa masa gaisuwa daga gonaki, yana ɗaga hannu, zuciyarsa na ƙuna kamar ya yi sata.

A Tungar Atu ne ya ga maza zazzaune a kan tabarmi, babu mai magana. Ya rage gudu.

"Lahiya?"

"Inna Hinde ta, Malam. Ɗazu Allah yay yi mata cikawa."

Inna Hinde ita ce tsohuwar ungozomar garin. A shekarun da ake rufe wa masu rigakafi ƙofa, ita ta riƙa shiga gida-gida tana fito masa da jarirai a kafaɗa, tana zagin iyayensu maza. Nu'umanu ya dubi rana, ya san lissafin sarai. Ya cire lambar tseren da ke ƙirjinsa, ya nemi buta.

Da shi aka yi sallah, da shi aka ɗauki makara, bai bar maƙabarta ba sai da aka gama addu'a. Sa'an nan ya mayar da lambarsa ya kama hanya, yana gudu yana hawaye. Yana hango fitilun Kebbe ya ji ladan ya ɗaga murya. Ya dai ƙarasa. Masu shirya tseren suka ba shi ruwa da haƙuri, doka doka ce.

Kwana uku bai iya tanƙwasa gwiwa ba. Raliya tana gasa masa ƙafa da ruwan zafi, ba ta yi masa gori ko sau ɗaya ba, wannan kuwa ya fi gorin ciwo.

Ranar da ya koma aiki yana ɗingishi, ya tarar da maza goma sha biyu daga Tungar Atu a harabar asibiti, da diga da shebur da igiya. Ya gane su, su ne suka haƙa kabarin. Babbansu, ɗan Inna Hinde, ya miƙe.

"Mun ji abin da kar rasa sabadda tsohuwarmu. Mu dai ginan ƙasa muka iya. Gwada muna inda kaka son ta."

Nu'umanu ya taka a hankali zuwa bayan ɗakin haihuwa, ya tsaya, ya nuna ƙasa.