Tukunyar Mutum Biyu

Shekarar da ruwa ya kayar da madafin Inna a Fammar, ni aka aika kasuwar Rano in sayo mata kayan girki. Wallahi har yau in na tuna abin da na sayo ranar, sai in ji abinci ya fita raina.

Kwana biyu aka yi ana ruwa, bangon gabas ya jiƙa ya zauna a kan komai. Da maƙwabta suka yaye ƙasar, ƙore duk sun farfashe, rariya ta lotse, muciya ta karye biyu, tukunyar miya ta koma kamar mota ta bi ta kai. Turmi da taɓarya ne kaɗai suka tsira, don suna gindin darbejiya a tsakar gida. Babbar tukunyar tuwo kuwa, wadda na buɗe ido na gani a gidanmu, ta tsage daga baki har gindi.

Tukunyar ta mutum bakwai ce, an saye ta tun gidan yana cike. Lokacin da abin ya faru mutum biyu suka rage a ciki: Inna, da Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ciwo ya shanye wa hannu ɗaya. Baba ya rasu, mu mata duk aure ya kwashe mu. Ni ina cikin Rano, ina koyarwa a wata firamare a Kibiya, saboda haka ni ce mai leƙa su, ni ce mai auno masu dawa da masara. Yayanmu, ɗan farin Inna kuma namiji ɗaya tilo, ya bi motar shanu zuwa Kudu shekara tara kafin nan, bai dawo ba. Direban ya ce sun sauke shanu lafiya, Yaya ya ce zai kwana biyu ya biyo wata mota. Daga nan waya ta daina shiga. An je an nema, an yi cigiya, an yi roƙon Allah. Ba gawa, ba labari.

Inna irin matan nan ne masu kunyar ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, "yaron nan" take cewa ko "shi wancan". Da ya ɓata, kowa ya yi kuka ban da ita. Ba ta taɓa cewa tana jiran sa ba. Abin da take yi ɗaya ne: kullum yamma sai ta ɗora babbar tukunyar nan, ta tuƙa tuwo, ta kwashe wa Gwaggo, ta kwashe wa kanta, sannan ta cika kwanonsa da malmala uku, don shi da ma mai ci ne, ta rufe da faifai ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta. Da safe ta ɗumama ta ba matan rugar da ke kawo nono. In wani ya tambaya na waye, sai ta ce na wanda ke hanya ne.

Ni abin nan ya daɗe yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ina da bakin magana, kuma na sha yi. Na ce itace ya yi tsada, na ce hatsin da nake kawowa ba ya kai wata, na ce hayaƙi ne ke ƙara mata yanar da ta rufe mata ido. Ta kan bar ni in gama kaf, sannan ta tambaye ni ko ni nake saro mata itacen. A raina kuwa ba itace ba ne. Na gaji da ganin kwanon nan. Duk ranar da na shiga gida na gan shi a rufe, sai in ji kamar yau aka zo da labarin, ni kuwa ina so in huta.

Ranar kasuwa kafin in fita, Inna ta lissafa mini abin da ba a girki sai da shi. Muciya mai nauyi, ba irin farar nan mai saurin tsagewa ba. Mara biyu. Maburgi mai ƙarfin haƙora, don kuka ba ta son wasa. Ludayi, rariya mai laushin ido, wuƙa ɗaya ta maƙera, ƙwarya biyu, ƙaramar tukunyar miya. Cokula da faranti ta ce kada in ɓata kuɗina, hannu na nan. Da ta zo kan tukunyar tuwo ba ta yi dogon bayani ba, cewa ta yi kamar waccan. Gwaggo ta ɗaure mini tsagaggiyar a buhu, tunda masu zubin tukwane suna karɓar tsohuwa su rage wa mutum kuɗi.

Wata ya yi nisa, abin da ke hannuna kaɗan ne. Na fara da ƙananan kaya, na yi ciniki har wata mai ƙore ta ce ko rantsuwa na yi ba zan bar ta ta ci riba ba. Ina cikin zagaye na ga murhun gawayi, ɗan madaidaici, na ce wannan zai raba Inna da hayaƙi, na saya. Na ga kular zuba abinci mai furanni, ita ma na saya, alhali ba wanda ya aike ni. Sai da na gama duk wannan na nufi bayan kasuwa wajen masu tukwane.

Dattijon da na samu mai fara'a ne, gemunsa duk toka. Da ya ga ina juya tukwane kamar mai zaɓen atamfa, ya yi dariya ya ce Malama ba da ido ake saye ba. Ya nuna mini yadda ake ƙwanƙwasa ta da yatsa a saurara, mai lafiya tana amsawa da tsawo, mai ɓoyayyen tsagu tana yin gum. Ya ce in ɗaga ta in kalli rana ta cikinta ko akwai ƴar huda. In shafa gindin in ji kauri, don mai siririn gindi ƙona tuwo take yi. In kifa murfi in ga ya zauna. In na je gida kuma a fara dafa dusa a ciki ta kwashe baƙin dalma. Sannan ya kwance buhun, ya ga tsohuwar, ya shafa ta ya ce irin wannan zubin an daina, ya ɗora ta a sikeli. Sai ya ɗago ya tambaye ni.

"Mutum nawa ake dafa wa, Malama?"

Tambayar ciniki ce kawai, kullum yana yi wa mutane ita. Ga babbar tukunya irin waccan a gefen ƙafata. Da na mayar da kular nan da murhun gawayin, da kuɗin sun kai, na san haka sarai, kuma mai kular tana rumfa ta uku daga inda nake tsaye.

"Biyu," na ce.

Ya miƙo mini wata ƴar kyakkyawa mai kauri, ya ce wannan malmala biyu ce cif, ba ragi ba ɓarna, kuma za ta zauna daram a kan murhuna. Ina tsaye ya sa guduma ya farfasa tamu, ya watsa a kan tarin da za a narka. Ƙarar ta bi ni har tasha.

Bayan la'asar na isa Fammar. Inna na zaune a tabarma, na zube kayan a gabanta, ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana gani da hannu, tunda idon ya yi rauni. Muciya ta auna nauyinta ta ce ba laifi. Rariya ta ce an cuce ni, amma za ta yi. Kular ta shafa furannin ta tambaya ko amarya aka yi a gidan ba ta sani ba, har Gwaggo ta yi dariya. Daga ƙarshe na tura mata tukunyar. Ta ɗora ta a cinya, ta zagaya bakin da yatsa, ta ware hannu ta auna, ta zura hannu har gindi. Ta sake aunawa. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba.

"Wani ya faɗa miki wani abu ne a kasuwa?"

"Wane abu, Inna?"

"Cikin masu zuwa Kudu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rantse mata ba wanda ya faɗa mini komai, kuɗi ne ba su kai ba. Rabin maganar gaskiya ce. Ta ce to, Allah ya yi albarka, ta miƙa wa Gwaggo ta ce a nemo dusa.

Na koma Rano ina gaya wa kaina na yi daidai, za ta saba. Sati uku ina biyowa da rana in gaishe su in wuce, ban lura da komai ba sai ɗan faɗawar da Inna ta yi, na ɗauka zazzaɓin damina ne. Gwaggo ce ta raka ni zaure wata rana ta riƙe mini mayafi da hannunta mai lafiya. Ta ce tun ranar da na kawo tukunyar nan Inna ba ta ci tuwon dare ba. Malmala biyu take fita, ɗaya ta ba Gwaggo, ɗayar ta sa a kwanon Yaya ta rufe. Ta gwada tuƙi biyu, ƙarfinta bai kai ba, kuma ba ta yarda wani ya taɓa mata muciya. In Gwaggo ta ce su raba nata, sai ta ce ta ƙoshi. Kunu kawai take sha da safe, ta hana a gaya mini.

Na so in koma ciki in yi faɗa, amma da wane baki? Ni na je na rage tukunya don in cire rabonsa, ashe rabonta na cire. Ban jira albashi ba. Akuyata na sa aka kai kasuwa, na koma wajen dattijon nan na ce ya ba ni babba, mafi girma a irin waccan. Ya ce ai da ma ya san baƙi za su ƙaru. Na ƙwanƙwasa, na kalli rana ta cikinta, na ɗaura ta a bayan babur har ƙofar gida, ina murna kamar yarinya.

Inna ta zagaya bakin wannan ma da yatsa, ta auna, ta ce mai kyau ce. Amma ba ta ce a nemo dusa ba. Ta ture ta gefe a hankali.

"Kwanakin nan da nake zaune da yunwa ina kallon kwanon nan, na yi tunani," ta ce. "Tun yana ƙarami, in ya ga ban ci ba, turo mini nasa yake yi. Da yana da rai, da bai bar ni haka ba."

Na fashe da kuka, na ce Inna laifina ne, ƙarya na yi, kuɗin sun kai. Ta ce ta sani. Ta ce in share ido in je in gaya wa Malam liman a sa rana a yi addu'a, kuma da take faɗin wanda za a yi wa, sai ta kama sunansa, cikakke, har da na Baba. Ranar ce farkon jin sunan Yaya a bakinta, kuma ban sake ji ba.

A babbar tukunyar da na sayo don dawowarsa aka dafa abincin sadakarsa. Bayan an watse Inna ta wanke kwanonsa da kanta, ta kife a kan rumfa. Ta koma cin tuwonta daga ƴar tukunyar mutum biyu, a kan murhun gawayi, ba hayaƙi, ba ɓarna, hatsi yana kai wata har ya yi saura. Duk abin da na yi ta faɗa a kai na samu. Sai dai ta daina zama a bakin ƙofa da yamma, in mota ta tsaya a titi ba ta ƙara karkata kunne. Ba ta ga wata daminar ba.

Da aka zo rabon kaya, ƴan'uwana suka ɗauki zannuwa da ƙore, ni na ce a bar mini tukwanen biyu da kwanon. Ƙaramar tana ƙarƙashin gado, ban taɓa ɗora ta a wuta ba. Babbar nake girki da ita, ko da yake mu huɗu ne a gidan kuma tana shan gas kamar me. Maigidana ya yi magana sau biyu, ya ga fuskata, ya bari.

Ba wanda ya ga gawar Yaya. Wannan ne abin da ke hana ni sukuni. Ba labari ne ya zo ba, ba shaida aka kawo ba, ni ce na tsaya a bayan kasuwa na ce biyu. Kwanan baya ina kwashe tuwo da yamma, babbar ƴata tana jera mini kwanuka, ta ƙirga ta ga sun fi mu yawa. Ta ɗaga tsohon kwanon ta ce, Umma, wannan na waye? Na karɓa na zuba malmala uku, na rufe da faifai, na ce ta ajiye a bakin ƙofa, na wanda ke hanya ne.