Makullin Marigayi

Aikina a ofishin nan riƙon makullai ne, sai dai ko ɗaya ba ya shiga jaka. Ƙungiyarmu tana ajiye bayanan masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki na wasu ƙananan asibitoci a cikin Bauchi da kewaye. Bayanan ba sa cikin ofis. Suna can kan manyan kwamfutocin haya a wata ƙasar da ban taɓa takawa ba, abin da ake ce wa kilawud. Mu dai muna zaune a wani tsohon gida a unguwar Ɗan Iya, da fanka mai ƙara da janareta mai taurin kai, muna leƙa su ta baƙin allo. Babu hoto, babu ado. Ka rubuta umarni layi ɗaya, ka danna maɓallin enta, ƙofa ta buɗe ko ta ƙi.

Kowane ma'aikaci da makullinsa. Dogon rubutu ne na haruffa da lambobi, rabi a kan kwamfutar mai shi, rabi a cikin wani jeri da ke hannuna. In rabin nan ya dace da rabin can, a shiga. In na goge layin mutum daga jerin, ko shi ne shugaba a waje zai tsaya.

Wanda ya koya mini aikin Malam muke ce masa. Bafulatani ne, dogo, mai cin goro, iyayensa har yanzu suna da shanu can bayan Miri. Duk Litinin sai ya buga jerin makullai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, mu kuwa mu ce masa ya fara ƙirgen garke. Ba ya musu. Dokarsa ɗaya ce: ranar da mutum ya bar aiki, a cire makullinsa kafin ya kai bakin get. Na ga ya yi haka ga wata akawu da ta shekara shida tare da mu. Ana cikin walimar bankwananta, ana rabon lemo da cincin, ya zare jiki ya je ya goge layinta, ya dawo ya yi mata addu'a mafi tsawo a ranar. Na ce masa wannan rashin kunya ne. Ya ce kunya tasa ce, sunayen da ke ciki kuwa ba nasa ba ne.

Amma shi ma yana da nasa sakacin, kuma na sani. Kwamfutar ofis ba ta yi masa ba, da tasa ta kansa yake aiki. Ya kuma tsara ta yadda da zarar ya buɗe ta da safe, baƙin allon zai shiga kilawud da kansa ya jawo masa jerin waɗanda ranar karɓar maganinsu ta wuce ba su je ba: suna, unguwa, lambar waya, da kwana nawa suka makara. Yana kurɓar shayi yana tura wa kowane asibiti nasa, don a bi mutanen kafin ciwo ya tashi. Sau biyu na yi masa magana a kan wannan tsari. Ya ce zai gyara bayan Sallah.

Ya rasu ranar wata Asabar, a hanyar Jos, yana dawowa daga ruga.

Ran Litinin Oga ya kira ni. Shugaban ofis ɗinmu ke nan, dattijo ne daga kudancin jihar, mai waƙa a coci, wanda kowa "ka" ne a bakinsa, mace ko namiji. Idonsa ja wur. Shi ya tuƙa motar da ta kai mazan ofis maƙabarta, ya tsaya daga nesa har aka gama.

"'Yata, ka cire makullin Malam?"

"Yanzu zan yi, Oga."

Na koma kujerata na rubuta umarnin. Bai kai kalma biyar ba. Allon ya nuna mini layinsa, ya tambaye ni ko na tabbata. A ƙarshen layin akwai ɗan bayanin da kowa ke sa wa makullinsa don a gane na waye, shi kuma ya rubuta "na mai garke". Gefe guda ga lokacin da ya yi shigarsa ta ƙarshe, Juma'a da safe. Na amsa da a'a. Na ce wa kaina mutumin da ko sadakar uku ba a yi masa ba, ba za a kore shi daga ofis ba.

Aka yi uku, na ce bari a yi bakwai. Aka yi bakwai, na ɗaga zuwa arba'in. Ba wani dalili na aiki a ciki, kuma ban yaudari kaina cewa akwai ba. Ina son ganin sunansa ne in na buga jerin ran Litinin. Hujjar da na riƙe ita ce matacce ba ya shiga kilawud. Kwamfutarsa kuwa ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba, ni da ake biya albashi don irin wannan tunanin. Da Oga ya sake tambaya a mako na biyu, na ce masa an gama. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ya yarda, don shi bai san hanyar dubawa ba.

Wata Laraba da hantsi, sati huɗu da 'yan kwanaki bayan rasuwar, ina duba rajistar shige da fice kamar kullum, sai na ga makullin mai garke ya shiga. Ya jawo jerin masu makara. Ƙofar ta zauna a buɗe minti goma sha ɗaya.

Ban tsorata irin tsoron fatalwa ba, nan take na gane abin da ya faru. Na rubuta umarnin, allon ya tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Layin ya ɓace kafin in ɗage yatsana. Abin da na yi wata guda ina jan ƙafa a kai ke nan. Na shiga wurin Oga na faɗa masa komai a tsaye, har da ƙaryar. Bai ɗaga murya ba, ni kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya cire tabarau ya ce in je gidan in gano wa ya gani, tunda ni mace ce, zan iya shiga wurin mai takaba.

Na hau keke napep zuwa unguwarsu Malam, Fadaman Mada.

Matar Malam malamar firamare ce, ta girme ni da kamar shekara goma. Na same ta a falo kan tabarma, cikin hijabi mai ruwan toka, kwamfutar tana rufe a kan kujera.

"Anti, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, ƙanwata. Ke ce da ranar nan? Ba aiki?"

"Aikin ne ya kawo ni. An buɗe kwamfutar Malam ɗazu."

Ta ce ita ce. Mahaifiyarsa ce ta aiko daga ruga tana son hotonsa, wanda ya ɗauka da hula zanna ranar sunan autarsu, a wanke mata. Kalmar sirrin kwamfutar ta santa tuntuni, a nan take buga jarabawar 'yan ajinta.

"Wallahi ban taɓa komai ba. Baƙin abin nan ne ya buɗe da kansa, rubutu ya yi ta zubowa."

"Kin karanta?"

"To ya zan yi? Abu a gabana."

Ta san aikin mijinta, ba sai an fassara mata kan jerin ba. Na tambaye ta ko wani ya gani ban da ita, ta ce a'a, yara suna makaranta. Ko ta ɗauki hoto da waya, ta ce haba. Na ji sanyi ya fara sauka a ƙirjina. A raina har na fara tsara rahoto: allo ɗaya, mai karatu ɗaya, ba abin da ya fita daga ɗaki. Sai ta rage murya, ta nuna katangar gidan da ke bayansu da haɓa.

"Na ga sunan mai masa."

Na san matar. Duk wanda ya zo zaman makoki ya santa, ita ta riƙa ɗawainiya da baƙi, tana kai ruwa tana kwashe kwanuka. Maƙwabciyarsu ce ta katanga ɗaya, tana tuyar masa a ƙofar gida kowace safiya, rabin layin a wurinta suke karyawa. Tun ranar rasuwar, in ta tashi daga tuya takan ware wa mai takaba nata ta kawo da hannunta.

Na yi wa Anti bayanin da muke yi a tarukan wayar da kai. Ba a ɗaukar cutar ta abinci, ba a ɗauka ta kwano ko gaisawa, mai shan magani a kan kari lafiyarsa ƙalau. Na roƙe ta don Allah kada maganar ta wuce nan, don in ta fita, tandar matar nan ta mutu ke nan.

"Na sani," ta ce. "Shekara nawa Abbansu yana faɗa mini? Na sani. Kuma ni ba mai yawo da zance ba ce."

Na yarda da ita a kan na biyun, har yau ma na yarda.

Ina cikin goge rabin makullin da ke kan kwamfutar, da ɗan tsarin nan nasa na safe, aka yi sallama. Mai masa ce, gajera mai fara'a, da kwanon samira a rufe, gefen zanenta duk toka. Ta gaishe ni, ta gane ni 'yar ofishinsu Malam ce. Ta durƙusa ta miƙa kwanon.

"Maman yara, yau da zafinta, har da miyar taushe."

Anti ba ta miƙa hannu ba. Ba ta ɓata rai ba, ba ta ce komai mara daɗi ba. Hannayenta dai suka tsaya cikin hijabi.

"Sannu da ƙoƙari. Ajiye can bakin ƙofa, yau na ƙoshi."

Matar ta tsaya da kwanon a sama na ɗan lokaci. Ta dubi Anti, ta dubi kwamfutar da ke buɗe a cinyata, sannan ta dube ni. Ban san iya abin da ta sani game da aikin Malam ba, amma shekara da shekaru suna katanga ɗaya. Na ce ni kam yunwa nake ji, na karɓi kwanon na buɗe na hau ci. Na ci huɗu a jere, ina yabon miyar da ƙarfi fiye da kima. Ina jin wannan ne ya ƙarasa gaya mata cewa mun sani. Ta yi murmushi ta ce a ci lafiya, ta miƙe, ta ce za ta turo a karɓi kwanon.

Na samo wa Anti hoton mai hula zanna na tura mata a waya. Na koma ofis na cike takardar rahoto. Akwai gurbin da ke tambaya ko an toshe ɓarakar, na sa e, kuma gaskiya ne ta fuskar aiki. Oga ya ba ni takardar gargaɗi, ya sa hannu, na sa hannu. Daga ranar aka hana aiki da kwamfutar gida, aka kuma sa kowane makulli ya riƙa mutuwa da kansa bayan kwana talatin in ba a sabunta ba, ko da mai riƙon jerin ta ji kunya. Ni na rubuta wannan dokar, kuma ta yi kyau.

Da Anti ta fita takaba na je yi mata barka. Na lura babu tanda a ƙofar gidan baya, sai baƙin wurin murhu. Na tambaya. Ta ce mai masa ta koma wurin 'yan'uwanta tun kafin azumi, ba ta faɗi ko ina ba. Ta rantse mini ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ita dai matar ta daina shigowa ne kawai, daga baya ta daina tuya. Sannan ta ce kwanon samirar ma yana nan, ba a zo an karɓa ba.

Jerin safe yanzu ni nake jawo shi. Na sake masa tsari, ba ya nuna suna ko lambar waya, sai lambar kati da unguwa da kwanakin makara. Asibitin da ya ba da katin ne kaɗai ke iya mayar da lamba suna. Makullina zai iya, in na so, umarni ɗaya ne, amma sai na rubuta dalili a rajista, kuma ba ni da dalilin da zan iya rubutawa.

Mutane suna shiga jerin suna fita. Wani ya makara kwana uku, a kira shi, ya je, lambarsa ta ɓace. Akwai wata lamba ɗaya ta Fadaman Mada da na tarar a ciki ranar da na karɓi aikin, ba ta fita ba har yau. Asibitin sun rubuta a gefenta cewa wayar a kashe take, kuma an je gida ba a samu kowa ba. Ban san ko ta mai masa ce ba. Kowace safiya in na danna enta, kwanakin gefenta sun ƙaru da ɗaya.