Me Rikke Take Yi In Gari Ya Waye?

Shekara talatin da ɗaya ina kula da maƙabartar cocin ƙauyenmu a tsibirin Mors, ina aske shinge, ina baje tsakuwa, kuma kusan duk dutsen kabarin da ke wurin Verner Dalsgaard ne ya sassaƙa shi. Don haka in na ce mutumin nan taurin kai gare shi, ba a bakin wani na ji ba.

A wurin kawunsa ya gaji sana'ar, ya kuma gaji doka guda tare da ita: ba ya sara kalmar da bai san ma'anarta ba. A da dokar ba ta takura kowa. Mu a nan ana rubuta sana'ar mamaci a saman sunansa, sana'o'in kuwa ba su da yawa. Fisker, masunci. Smed, maƙeri. Sai manomi, ungozoma, matuƙin jirgin fito. Kana karantawa ka san irin warin da mutum yake shigowa da shi gida da yamma.

Sai mutanenmu suka fara tafiya birni aiki, suna dawowa cikin akwatin gawa da sunayen sana'a na Turanci.

Ranar da abin ya fara ina shagonsa muna shan gahawar ƙarfe goma. Wata mata da mijinta ya rasu, Inge-Lise, ta shigo ta miƙa masa katin aikin mijin, ta ce haka take so a rubuta.

"Senior Key Account Manager," Verner ya karanta a hankali kamar mai tsince ƙayar kifi. "Mutum nawa ne suka rasu?"

"Shi kaɗai ne mana."

"To, in gari ya waye, ya sha gahawa, ya sa takalmi, me yake yi?"

Ta yi ɗan tunani. "Yana shiga mota."

"Direba ne?"

"A'a. Zuwa yake ya ci abincin rana da mutane."

"Kuma a biya shi?" Ya juyo wurina. "Tove, kin ji sana'ar da muka yi sake ta wuce mu."

Rabin awa yana yi mata tambayoyi kafin ta fito fili cewa abincin aladu marigayin yake sayar wa manyan gonaki. Verner ya ɗauki alli ya rubuta sælger a jikin dutse, wato mai sayar da kaya. Ya ce, "Harafi shida, kuma uwarsa za ta gane." Inge-Lise ta fashe da kuka, daga nan ta ɓige da dariya, ta ce shekara ashirin da shida suna tare, sai yau ta san abin da yake fita yi.

Daga ranar ya sayi ƙaramin littafi mai baƙin bango. Hagu Turanci, dama yarenmu. Wasu ma'anonin ya samo su a ƙamus na laburare, amma yawanci hukuncinsa ne. Consultant, wanda ake kira daga nesa ya faɗi abin da mai shara ya daɗe da sani. Coach, ba na ƙwallo ba, mai tambayarka yadda kake ji. Ni kaina ban tsira ba. Shekarar da aka so a sauya min sunan aiki zuwa wani na Turanci mai kalma uku, har na fara jin kaina yana kumbura, sai ya buɗe littafi ya nuna min abin da ya rubuta a dama: mai haƙa rami. Kwana huɗu ban je shan gahawa ba.

Duk wannan abin dariya ne, har ranar da littafin ya hau teburin gidansa.

Rikke ita kaɗai suka haifa, shi da matarsa Bodil. Tana aiki a wani kamfanin yin kwalaye a birnin Aarhus, aka ƙara mata girma, ta zo liyafar Ista da labari. Ina teburin, don tun da mijina ya rasu a can nake cin Ista. An ci kifi da baƙin burodi, an ɗan kurɓa, sai ta ce yanzu ita ce Head of People. Verner ya goge hannu, ya zaro littafi daga aljihu.

"Shugabar ma'aikata ke nan. Muna da kalmar."

"Ba ita ba ce, Baba. Waccan ƙirga ranakun rashin lafiya take yi."

"To ke in gari ya waye me kike yi?"

Ta yi masa bayani na kusan minti ashirin, kuma gaskiya rabin bayanin wani Turancin ne. Yana sauraro, fensir a sama, bai sa ko ɗigo ba. Da ta gama ya rufe littafin ya ce, "Na sara sunan ungozoma, na sara na mai yankan alade, duk na san abin da hannunsu ya taɓa. Ke in taki ta zo, sai dai a bar wurin rubuta sana'a fili."

Ba wanda ya ɗaga murya, mu ba ma yin haka. Rikke ta taya uwarta wanke kwanuka, ta yi godiyar abinci, ta shiga mota. Shekara biyu ba ta sake taka gidan ba. Kowace Lahadi tana kiran Bodil, in kuwa shi ya ɗauki wayar sai ta tambaye shi ko ana ruwa a Mors.

A cikin shekarun nan ne hannunsa ya fara rawa. Ni na fara gani, a wani dutse da ya kafa, gefen harafi ya karkace kamar haƙorin tsohuwa. Ya tambaye ni yadda na gani, na ce ba laifi. A wurinmu da wannan kalmar ake yabon amarya, da ita kuma ake yabon miyar da ta ƙone, don haka kowa ya fake a bayanta, har limamin coci.

Wata safiya ya same ni ina aske shinge, ya tsaya yana kallon gefe guda ya ce, "Uwar ramuka, ina so in ga yarinyar nan a ƙofar gidana kafin ki haƙa nawa."

"Ka kira ta ka ba ta haƙuri, tsoho."

"Haƙurin me? Har yanzu ban san me take yi ba. Zuwa zan yi in gani da idona."

Bodil ba ta iya doguwar tafiya saboda ƙugunta, sai ta haɗa shi da ni, ta ce in ya buɗe baki in taka masa ƙafa. Muka hau bas, muka hau jirgin ƙasa, yana rungume da babban kek a cinya, don babu ofishin da zai kori mutumin da ya zo da kek.

Rikke ta sauko ta gan mu, fuskarta ta yi fari. "Baba, Mama ce?"

"Lafiyarta ƙalau. Ganin aiki na zo."

"Aikin wa?"

"Naki. Ba zan ce uffan ba."

"Sai na gani," in ji ta. Ta zaunar da mu a kujerar baƙi, inda ake hango ɗakunan taro, don bangon duk gilashi ne.

Safiyar nan ban ji daɗinta ba, don na fara tsoron tsohon yana da gaskiya. Ina leƙen littafinsa yana rubutu da hannu mai rawa. Ƙarfe tara, magana. Ƙarfe goma, magana a tsaye. Sha ɗaya, an lilliƙa takardu masu launi a bango, an cire. Wata ma'aikaciya ta zo yankar kek, ta tambaye shi shi mene ne aikinsa. Ya ce, "Ina rubuta sunayen mutane in sun gama taro." Na taka masa ƙafa, amma maganar ta riga ta fita.

Bayan abincin rana wani ƙaton mutum ya hauro daga ɓangaren injuna, da kayan aiki a jikinsa, zai kai sittin. Rikke ta shiga da shi ƙaramin ɗaki. Ba ta zauna a bayan tebur ba, ta jawo kujera zuwa kusurwa kusa da shi. Ta sa wayarta a aljihun tebur, ta zuba masa gahawa, ta faɗi wani abu gajere. Daga nan ta jingina da kujera.

"An sallame shi," in ji Verner ƙasa-ƙasa.

"Ya aka yi ka sani? Ba a jin komai."

"Dubi wuyansa. Na ga irin wuyan nan sau dubu a shagona."

Mutumin ya yi ja, ya doki tebur, ya juya yana kallon taga. Ita dai tana zaune, ba ta cika masa kunne ba, ba ta dafa shi ba. Akwai takarda a gabanta, amma ba ta tura masa ba sai da shi da kansa ya miƙo hannu. Na waiga na ga Verner ya rufe littafi ya zauna a kansa.

Da mutumin ya fita shan taba, muka bi shi. Verner bai ce shi wane ne ba, ya dai tsaya kusa da shi ya ce yau iska ta yi yawa. Mutumin ya ce, "Shekara talatin da huɗu ina kan injin nan. Sun sayo wanda ba ya buƙatata. Shugabanni wasiƙa suka so su turo, ita ta ce sai dai baki da baki. Ta san karatu na ba ni wahala. Sau biyu ta karanta min takardar, wai ita ce take so ta tabbatar babu kuskure."

"Me ake kiran aikin nata?"

"Oho. Mu dai Rikke muke ce mata."

Ita ta kai mu tashar jirgi. Duk hanya ina jiran ya ba ta haƙuri, sai da jirgi ya tsaya ya gyara murya ya ce, "Gahawarku ba ta da daɗi. Amma aikin ba laifi." Ban taka shi ba, don na san iyakar abin da ke cikinsa ke nan. Rikke ba fuskarsa take kallo ba, tikitin da ke kaɗawa a hannunsa take kallo. Ta ce ya gaya wa Mama ta ƙara dankali ran Asabar.

Ta zo kuwa. Amma kafin ta isa gida sai da ta biyo ta maƙabarta, ta ce in nuna mata duwatsun da ya kafa kwanan nan. Ta durƙusa ta bi haruffan da yatsa.

"Tove, tun yaushe?"

"Tun bara."

"Ba wanda ya gaya masa?"

"Mun ce masa ba laifi."

Kallon da ta yi min har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Shekara talatin muna shan gahawa tare, na bar shi yana lalata sunansa a kan dutse don kawai ina tsoron fuskarsa.

Bayan an ci abinci ta ce, "Baba, mu je shago." Na bi su da tulun gahawa, wai taimako nake. Ta karɓa, ta jawo kujerar katako zuwa kusurwar teburin aikinsa, ta ɗora wayarta can nesa a kan wata kanta, ta zuba masa. Verner ya kalli kujerar, ya kalli wayar, ya kalli kofin.

"Au. Yau ni ne?"

"Kai ne, Baba."

Ya daɗe a tsaye. Can ya cire rigar aikinsa, ya rataye, ya zauna, ya cusa hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

"To ki yi min yadda kika yi wa wancan. Minti arba'in ya samu, na duba agogo. Kada ki rage min ko ɗaya don ni ubanki ne."

Ta ce ba za ta rage ba. Na ja musu ƙofa, na zagaya bayan shago na yi kukana na share fuska. Ƙarfe huɗu Bodil ta aike ni in kira su, na leƙa ta taga, na koma na ce mata ta rufe kek ɗin, ba su gama ba.