Inda Tabaryar Inna Ta Tsaya

Na manta abubuwa da yawa daga shekarun da na yi ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, har da sunayen wasu wasannin da na rubuta da hannuna. Amma kwana biyar ɗin da na yi ina kai da kawowa tsakanin Anka da wani ƙauye a hanyar Bukkuyum, ƙarshe da ɗan katin memori ƙulle a bakin mayafina, waɗannan ba za su fita daga raina ba muddin ina numfashi.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Anka, a gefe guda kuma ina rubuta wasan da wani gidan rediyo ke sawa duk Laraba da hantsi. Wasan a kan gubar dalma yake. Ga wanda bai san yankinmu ba: maza su haƙo dutsen zinari a daji su kawo gida, mata su daka shi a turmi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Gubar tana cikin wannan ƙurar. Babba yakan jure, amma yaro ƙarami sai ka ga ya yi laushi, ya bar wasa, wata rana ya sanƙare. Aikinmu shi ne mu sa iyaye su yarda a gwada jinin yara tun ba a kai ga haka ba.

Kashi na shida na wasan shi ne abin alfaharina. Na rubuta wata uwa tana daka, ɗiyarta ta fari ta sanƙare, ta yar da tabarya ta fito waje ba mayafi, tana kururuwa tana kiran sunan yarinyar. Wadda ta hau matsayin uwar, wata ƙawata 'yar Gummi, ta yi kuka har mai ɗaukar murya ya share ido. Furodusanmu, mutumin birni ne mai kirki, ya ce tun da ya fara aiki bai ɗauki wurin da ya kai wannan ba. Na dawo Anka kai ya kumbura, ko mai kabu-kabu ya yi min magana sai na ja aji kafin in amsa.

Muna da ƙungiyoyin mata masu sauraro a ƙauyuka, nakan je in zauna da su in ji ra'ayinsu. A wannan ƙauyen gidan wata dattijuwa ake taruwa, mace mai faɗa a ji, wadda kowa ke ce wa Goggo. Ranar Larabar nan, in faɗi gaskiya, yabo na je karɓa. Aka kunna rediyo, mata suka yi tsit. Da aka zo wurin kururuwar, ina jiran hawaye, sai na ji wata ta yi ƙus da dariya a bayana. Wata ta kama. Goggo ta miƙa hannu ta kashe rediyon ana tsakiyar kuka.

"Malama, wa yar rubuta wanga?" ta tambaye ni.

"Ni ce, Goggo."

"Ke ɗiyar ina ta?"

"Anka."

"To ko Anka, wace macce ka kiran sunan ɗiyatta ta hwari, bale ta hito tana mata kuka gaban surukai? Wagga ba uwa ta ba, 'yar wasa ta. In kunka yi ƙarya nan, da ƙurar da gubar duk ƙarya ta."

Kunya ta rufe ni, domin abin da ta faɗa ba baƙo ba ne a wurina. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi ciwo ba ita ce za ta ce a kai shi magani ba, wannan na kakarsa ne. Kuma ni kaina 'yar fari ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son kirana sai ta ce "ke", in tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Na girma ina jin zafin abin a ɓoye, ina ganin ƙannena kawai take so. Sai yanzu da shekaru suka ja nake iya faɗa a fili cewa uwar da na rubuta ba uwar ƙauyukanmu ba ce, uwar da nake ta so a ce ina da ita ce.

Ina tattara jakata in gudu da kunyata sai idona ya faɗa kan wata yarinya a kan tabarma a gindin rumbu. Ba ta kai shekara biyu ba. Kanta ya langaɓe, idonta rabi a buɗe, ƙuda na sauka a bakinta ba ta korarsa. Taku biyar daga inda take ga turmin dutse, ga farar ƙura ko'ina. Matar ɗan Goggo ce ke tsaye a bakin turmin, na tambaye ta ko ɗiyarta ce, tun yaushe take haka. Ta kau da kai gefe.

"Tambayi kakatta," ta ce a hankali.

Na koma wurin Goggo, ta ce haƙori ne. Na gaya mata motar ma'aikatan lafiya za ta zo ranar Litinin, ranar kasuwa, ta ɗauki yara zuwa Anka a gwada su, kuma daga wannan zuwan rafi zai cika, mota ba za ta sake shigowa ba sai bayan damina. Na roƙe ta har na durƙusa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ku da ba ku san uwa ba, ku ka sanin ciwon ɗiya?" Uban yarinyar yana can ramin haƙa, ko yana nan ma ba zai tsallake maganar mahaifiyarsa ba. Uwar kuwa, da yake ɗiyarta ta fari ce, ba ta da bakin magana. Maganar a hannun mutum ɗaya take, kuma wasana ne ya toshe mata kunne.

A kan hanya na ƙudurta cewa kafin Litinin sai na sake wasan nan. Na kira furodusa na ce a ba ni ɗakin ɗaukar murya, zan rubuta uwar da ba ta kuka, wadda shirunta zai yi magana. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, kashi na bakwai ya riga ya shiga layi. Kuma shiru ba ya aiki a rediyo, mutane za su ɗauka batir ne ya mutu." Ban yi masa gardama ba, don ba ni da lokacinta. Ina da waya mai ɗaukar murya, Goggo kuma rediyonta yana cin katin memori. Waɗanda suka san ni sun san in na kafe a kan abu, gara a ba ni hanya.

Na yi kwana uku ina rubutawa ina yagewa. Ranar Lahadi ƙawata ta taso daga Gummi, muka mayar da ɗakin Inna ɗakin ɗaukar murya. Muka rataya barguna a taga, muka kora kaji waje, muka jira mai injin niƙa na maƙwabta ya tashi cin abinci. Na zuba tsakuwa a wani tsohon turmi, don na san matan can da kunne za su raba dakan gero da dakan dutse, kuma ba zan yarda a sake kama ni da ƙarya ba. Ni na ɗauki muryar kaka, ƙawata ta riƙe tabarya. Tsarin shi ne uwa tana daka, sai ta ji kakarin yarinya daga ɗaki, sai ta tsaya.

Mun ɗauka sau huɗu, duk ba ya shiga jiki. Ƙawata tana tsayawa cak kamar an taka birki. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, tun safe take mita cewa mun mayar mata da ɗaki kasuwa. Can sai ta kakkaɓe zanenta ta miƙe.

"Ba hakanga aka tsayawa ba," ta ce. "Ba ni nan. Ku 'yan boko ko daka sai kun karanta."

Na danna waya. Inna ta fara daka, bugu daidai, irin na wadda ta shekara hamsin tana yi. Ƙawata ta yi ɗan kakarin a maƙogwaro. Tabaryar ba ta tsaya nan take ba. Bugu biyu suka fita babu ƙarfi, sannan ta tsaya a sama. Shiru ya yi tsawo, ba ka jin komai sai numfashin Inna da ta riƙe sannan ta sake shi a hankali. Daga nan ta ci gaba da daka, amma dakan ya lalace, tabarya tana dukan gefen turmi. A cikin wannan lalataccen dakan ƙawata ta faɗi maganar uwa, guda ɗaya tak a duk wasan: "Goggo, ki duba yarinyar ga taku." Ni kuma na amsa da muryar tsohuwa: "Ke ba ki da bakin hwaɗi, ni ad da shi. Miƙo majanyi." Na kashe waya. Inna ta jingine tabarya ta koma kan gyaɗarta ba ta dubi kowa ba.

Litinin da sassafe na hau kabu-kabu. An yi ruwa a daren, rafi ya fara kawowa, na tuɓe takalma na tsallaka ruwa har gwiwa, hannuna ɗaya riƙe da ƙullin mayafi. Na tarar motar ma'aikatan lafiya tana bakin kasuwa, suka ce da azahar za su juya. Na wuce gidan Goggo ƙafata duk taɓo.

"Kin sake kawo muna ƙaryarku?" ta ce.

"Goggo, minti goma nake roƙo. In kika ji ƙarya, kashe shi, ba za ki sake ganina ba."

Ta ba da rediyon, ina jin don ta samu abin ba'a ne. Mata suka taru. Da dakan ya fara wata ta ce, "Wanga kam dutsi na." Sannan aka zo wurin. Bugu biyun nan suka faɗi, shirun ya shigo, ba wanda ya taɓa rediyo don duba batir. Na saci kallon matar ɗan Goggo. Tana tankaɗe a gefe, rariyar ta tsaya a hannunta, fuskarta tana kallon bango, kafaɗunta suna motsi. Ba ni kaɗai na gani ba. Goggo ta daɗe tana kallonta har wasan ya ƙare.

"Wa ad da tabaryar ga?" ta tambaye ni.

"Innata ce."

"Ke ta ɗiyatta ta hwari?"

Na ce e.

"To in kin koma ki gaishe ta." Ta juya wajen surukarta. "Ke, miƙo majanyi."

Da kanta ta goya yarinyar har bakin mota, wasu tsofaffi biyu suka bi ta da nasu jikokin. Uwar ba ta raka su ko zaure ba, amma ita ta cusa min ƙullin kayan yarinyar a hannu, a ninke tsaf, wanda na tabbata ba a ranar aka haɗa shi ba. Gwaji ya nuna gubar ta yi mata yawa, aka kwantar da ita makonni. Ta rayu. Maganarta ta yi jinkiri, har yau tana da ɗan nauyin baki, amma da ƙafarta take zuwa makaranta. Turmin dutse kuma Goggo ta sa aka fitar da shi bayan gari. Furodusa da ya ji wasan bai ce komai a kan batir ba, ya sa shi Larabar da ta biyo.

Da yammacin Litinin ɗin na isar wa Inna gaisuwar Goggo. Tana wanke ƙwarya. Na yi ta maza na tambaye ta inda ta san yadda ake tsayawar nan. 

"Shekarar da anka yi ƙyanda," ta ce, idonta a kan ƙwaryar, "wata yarinya ta kwanta gidanga. Kakatta ad da ita cikin ɗaki. Ni ina waje ina daka."

Ba ta faɗi sunan yarinyar ba. Na shiga ɗakin da muka yi aiki, bargunan suna rataye, na yi kukan da na rubuta wa wata a kashi na shida.

Abin da na koya shi ne, mai ba da labari ba ya da ikon sa wa mutane bakin da ba nasu ba, ko da niyyarsa ta alheri ce. In ka yi musu ƙarya a kan yadda suke so da yadda suke kuka, ba za su karɓi gaskiyarka a kan komai ba, kuma wani lokaci ran yaro ne ke tsakani. Tun daga ranar ban sake rubuta uwa ba sai na zauna na saurari iyaye mata, har da wuraren da suke yin shiru. Inna ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba. Katin memorin yana nan a akwatina, in kewarta ta dame ni nakan kunna, in jira inda tabaryar ta tsaya.