Warin Isansi a Rigar Ɗana

A lokacin da abin nan ya same ni, ni ungozoma ce a wani asibiti cikin garin Diffa. Mijina ya rasu ya bar ni da ɗa ɗaya tilo, saurayi ɗan lise, wato sakandare. Mu Katolika ne, ƴan yamma, aiki ne ya kawo mu gabas. Majami'armu ƙarama ce, kowa ya san inda kowa ke zama, mompera kuwa, wato firist ɗinmu, ba kowace Lahadi muke samun sa ba. Ni kuma mace ce mai zafin kai, bakina kan riga hankalina, duk wanda ya zauna da ni ya san haka.

Yaron nan tun yana ƙarami akwai shi da tambaya, amma da ya girma sai tambayoyin suka yi nauyi. Yau ya ce don me mompera ba ya aure, gobe ya ce don me za mu furta zunubi gaban mutum ɗan'uwanmu alhali Allah na ji. Ina ta kawar da zancen. Ran nan muna cin tuwo sai ya tambaye ni ko Musulmin da ya yi ta alheri duk rayuwarsa, in ya mutu wuta za shi. Kai, sai raina ya ɓaci! Gaskiyar magana ban san amsa ba, kuma na ji tsoro. Na daka masa tsawa, na ce ya fara saɓo, na ce da ubansa na da rai da ya ji kunya. Ya wanke hannu ya tashi, daga ranar bai sake tambaya ta komai ba.

Lahadin da mompera ya zo, aka tashi layin karɓar gurasa mai tsarki, wadda muke gaskata Jikin Almasihu ce. Na waiga, ɗana na zaune, kansa a sunkuye. A wurinmu wanda ya zauna a wannan lokaci, to akwai abin da ke tsakaninsa da Allah. Zuwan mompera na gaba ma haka ya yi. Mata suka fara duba na ta gefen ido. Sai kuma ya shiga ɓacewa bayan an tashi lakwal, wato makaranta, ba ya dawowa sai dab da magariba, ƙafa duk laka, rigarsa na warin isansi, wato man fetur. Wanda bai zauna Diffa a shekarun dokar ta-ɓaci ba, ba zai gane abin da wannan wari ke nufi ga uwa ba. An hana babura, an sa ido kan kowace jarka, don kowa ya san mai ne mutanen daji, masu tada ƙayar baya, suka fi nema. Kuma mun sha jin yadda yaro ke farawa: ya yi shiru, ya canza addu'a, wata rana a neme shi a rasa. Na tambaye shi inda yake zuwa, ya ce wurin aboki. Na haɗa wannan da wancan, na yanke cewa an fara ja min ɗa.

Abinci ya daina shiga cikina. A wurin aiki har wata mai naƙuda ta ce da ni, madam, ke ce ba ki da lafiya. Daga ƙarshe na yi niyyar gaya wa ƙanen mijina, wanda jandarma ne. Na san sarai in maganar ta fita daga bakina ba ta dawowa, na san yaron da aka ɗauka don tambaya ba a san ranar sakinsa ba. Amma na ce gara a tsare shi da rai da a kawo min labarinsa daga bakin tafki, inda mutanen dajin suke.

Da safen da zan tafi, har na yafa gyale, sai aka yi sallama. Wata Babarbariya ce, siririya, da buhun busasshen tattasai a ka. Ta sauke, ta durƙusa tana ta godiya da Hausarta mai gauraye da Barbarci. Ta ce su ƴan gudun hijira ne daga ƙetaren kogin Komadugu, ɗanta ajinsu ɗaya da nawa. Ta ce mijinta ya rasu ya bar musu gonar tattasai ta aro a hanyar Gueskérou, da tsohon injin ban ruwa mai yawan mutuwa, kuma ba don ɗana ba da shukar ta bushe. Shi ke taya ɗanta tada injin da jan ruwa cikin kwami. Ta ce in yi haƙuri, abin da ta kawo bai kai ba. Wayyo Allah! Na zauna a ƙasa ina kuka, baiwar Allah ta ruɗe tana tambaya ko wani ne ya mutu.

Da ya dawo na zaunar da shi, karon farko ban ɗaga murya ba. Ya ce ya ɓoye min ne don na hana shi zuwa bakin kogi. Ya ce mutumin da ya tambaye ni a kansa ran nan uban abokinsa ne, wanda kafin rasuwarsa yake ajiye masa gasasshen kifi duk ranar da ya je, yana ce masa ɗana. Ya ce bai bar addininsa ba, amma an koya masa kada mutum ya karɓi Jikin Almasihu da zunubi a zuciya, ni kuma na ce tambayarsa saɓo ce, shi kuwa ya kasa daina ta. Saboda haka ya zauna, don ba ya so ya yi wa Allah ƙarya.

Tare muka je wurin mompera. Ya saurari yaron har ya gama, sannan ya ce tambaya ba zunubi ba ce. Ya ce Ikilisiya na koyar da cewa jinƙan Allah na kaiwa ga duk wanda ya neme shi da zuciya ɗaya, hukunci kuma na Allah ne shi kaɗai, kuma yaron zai iya yi wa mamacin addu'a ba tare da fargaba ba. Wasu tambayoyin ya amsa, wasu ya ce shi ma har yanzu yana kokawa da su. Muka yi masa godiya muka fito. A hanyar gida har yaron ya ce min yunwa yake ji.

Yanzu yana jami'a, kuma bai daina tambaya ba. In ban sani ba nakan ce ban sani ba, mu je mu nema, kuma ban ga abin da ya rage min ba. Iyaye, Kirista da Musulmi duka, ina roƙon ku: in yaro ya kawo muku tambaya mai nauyi kan addini, kada ku rufe masa baki don ku ɓoye rashin saninku. Yaron da ya tambaye ku har yanzu yana tare da ku. Ni da kaina na sa nawa ya yi shiru, sannan na ji tsoron shirun, har na yafa gyale zan kai shi wurin jandarma, alhali duk abin da ya yi shi ne ya tambayi uwarsa.