Neman Saiwar Sanya a Ƙasar Gumel

Mun tashi da asuba daga Gumel ranar Alhamis, ni da kawuna da direba, kular ƙanƙara da 'yar diga suna but ɗin mota. Aikin digirina na biyu ne ya fito da mu. Akwai wata irin funfuna da ke zaune cikin saiwar itatuwan magani ba ta cutar da su, ana kuma sa ran samo sinadarin kashe ƙwayoyin cuta daga jikinta. Ɗanyar saiwar sanya nake nema, wadda ake wa kirari da uwar magunguna.

Maigatari muka fara, don ranar kasuwa ce. Titi lafiya lau, sai dai motocin shanu da ba sa ba kowa hanya. Mun sha fura kwano naira ɗari biyar, ruwanta ya fi nononta yawa. Masu saiwa sun baje kaya, amma duk busassu ne. Da na tambayi inda ake haƙowa, ɗaya ya ce daga Nijar, na kusa da shi ya ce daga Kudu, suka kalli juna.

A Gagarawa abin ya fi haka. Ina fito da na'urar da ke ɗaukar lambar wuri a bakin wata gonar riɗi, sai ga manoma sun kewaye mu. "Awon gona kuka zo yi? Wa ya turo ku?" Kawu ya fi awa yana bayani. Ko ƙasa ba mu taɓa ba muka tafi, amma mai unguwa ya kwatanta mana wani dattijo mai magani a bayan Sule Tankarkar.

Washegari da hantsi muka same shi, bayan motarmu ta kafe a yashi sau biyu. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Funfuna? Abin da ke ɓata tuwo?" Ya yi ta zagaye da mu cikin gonaki har na fara zargin wahalar da mu kawai yake yi. Can ya nuna wani itace.

Na ce, "Baba, ai wannan itacen tsada ne, ba sanya ba."

Ya yi dariya. "Ashe kin san ganye, 'yata."

Sannan ya gaya mana cewa wasu sun taɓa zuwa da mota da daɗin baki, ya nuna musu itatuwan sanya, suka dawo da buhuna suka tone har gindi. Uku suka rage masa. "Zan kai ki, amma kar ki sa wurin a injinki." Na yi masa alkawari.

Da muka isa gindin sanyar, da hannunsa ya tona, ya yanko saiwa kamar ɗan yatsa, mai ƙamshin man zafi, ya mayar da ƙasa yana daddanna ta. Yana sunkuye na danna na'urar a cikin hijabina. Na ce wa raina ai malamina zai tambaya.

A hanyar komawa Kawu, da bai ga komai ba, ya ce, "Dattijon nan fa ya yarda da ke." Muna isa gida, kafin in yi alwalar la'asar, na goge lambar.

Yanzu funfuna iri biyu sun tsiro a farantan ɗakin gwaji, fara da mai ruwan toka. Ko za su kashe ƙwayar cuta, Allah masani. Malamina ya yi faɗa da ya ga sunan ƙaramar hukuma kaɗai na rubuta, na haɗiye. Kwana biyu na yi ina jin haushin mutanen da ke zargina ba dalili. Ashe sun riga ni sanin abin da baƙo zai iya aikatawa.