'Yan Matan Japan da Muka Riƙa a Tsibiri

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, cikin hutun damina na shekarar da na gama aji biyar a lakwal, wato firamare. Ni da kakata Iya Tabawa muna zaune kan tabarma a gindin itacen bedin gidanta na Tsibiri, kawunanmu a haɗe kan wata 'yar na'urar wasa da ba ta fi tafin hannu ba. A cikin gilashin, wata yarinya mai jan gashi ta fito riƙe da akwati, ta yi dogon bayani da rubutu mai kama da sawun kaji, ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa gwiwa, sannan ta juya ta fita. Iya ta ce, "Allah shi kiyaye hanya. Ɗiyar mutane ta tahi ganin uwayenta." Ni kuwa na lura hotonta da ke gefe ya koma toka-toka. Ba ta sake dawowa ba.

Babana gwanjo yake sayarwa a Maraɗi, kuma cikin aljihun wata tsohuwar jaka aka tsinci na'urar. Mai gyaran wayar salula a Sabon Gari ya haɗa mata wayar caji, ya ce harshen Japan ne a ciki, iyakar saninsa ke nan. 'Yan gidanmu suka gwada, suka ga babu ƙwallo babu tseren mota, suka yar. Ta haka ta zo hannuna, ni da ban taɓa iya ƙwatar ko ƙanzon tukunya ba a gidanmu. Na tafi da ita hutu Tsibiri a naɗe cikin kallabi.

'Yan mata uku ne a wasan, kuma kullum sai an zaɓar musu abin yi. Da yake ba na iya karanta komai, na samu tsohon kaye, littafin rubutu na lakwal, ina zana kowace alama da abin da ke biyo bayanta. Mai kama da rumbu, in na danna, sai su ci abinci. Mai kama da mutum ya jingina da itace, barci ne. Akwai wata mai kama da ƙaya a sarƙe, ita ke kai su ɗakin madubi su yi ta tsalle har zufa ta karyo. Cikin ukun na fi son mai koren gashi, wadda na raɗa wa Shatu. Kullum a baya take tsayawa tana murza bakin rigarta, in an yi mata magana sai ɗigon zufa ya fito mata a goshi. Ni ma a lakwal sai da Mushe, malaminmu, ya taɓa tambayar 'yan aji ko ina da murya.

Iya ta kama ni ina yi wa Shatu raɗa a bayan rumbu maimakon tsinkar yakuwar da ta aike ni. Ta karɓa, ta nisanta gilashin da idonta, ta ga yaran suna rusuna mata, nan take suka shiga ranta. Ta ce wannan riƙo ne Allah ya kawo mana, kuma riƙo amana ne. Daga ranar, da mun gama surfe na kai wa kawuna fura gona na dawo, sai mu zauna, ni ke dannawa, ita ke ba da umurni. Abinci sau uku, ba fashi. Ɗakin madubi ta hana, ta ce ba a gidanta za a ce ɗiyan mutane sun rame ba. Wajen tufafi kuwa, ta duba 'yan guntayen riguna masu ƙyalƙyali ta yi salati, ta zaɓi wata jibgegiyar rigar sanyi mai kaiwa idon sawu, ta ce ita ce ta mutunci. Sai kuma wani mutum mai tabarau da ke zuwa kullum da takarda a hannu yana murmushi. Iya ba ta yarda da murmushin nan ba. "Ba a ba baƙo ɗiya daga sallama guda," in ji ta. Kullum sai mu danna alamar da ke sa shi sunkuyar da kai ya tafi.

Lokaci zuwa lokaci wasan kan kai yaran wani dandamali. Sai su fito a ƙoshe, cikin rigar sanyi, su yi waƙa gaban kujeru wayam da mutum huɗu ko biyar, ɗaya ma barci yake. Iya takan ce gara haka, babu idon jama'a balle kambun baka. Bayan tafiyar mai jan gashi da mako guda, mai rawayan gashi ita ma ta fito da akwatinta. Iya ta ce yaran zamani ba su da godiya. Saura Shatu ita kaɗai.

Da na bi kayena daga farko, sai na gano wani abu. A kusurwar gilashin akwai jerin kwanaki, wasu da tauraro a kansu, kuma duk su biyun washegarin ranar tauraro suka tafi, bayan sun yi waƙa ga kujeru. Tauraro na gaba saura kwana tara na cikin wasan. Na gane tarbiyyar Iya ce ke korar mana yara. To amma wa zai faɗa mata? Iya ce fa, wadda ko mai unguwa kan canza hanya in ya hango ta da sanda. Kwana biyu ina yawo da kayen a ƙugu, in buɗe baki in rufe. Rana ta uku tana tankaɗe, mai tabarau ya zo, sai na danna ɗaya alamar ba da izininta ba. Ga Shatu a wani wurin taro mai fitilu, ana tafa mata. Na ajiye na'urar kan faifai, na ce da ƙasa, "Iya, mawaƙa ne. Gayya yake kawowa."

Ta daɗe tana kallo, rariya a hannu. Sai ta fashe da dariya har da tari. "Ashe zabiyoyi munka samu, munka sa su kulle! Wata guda muna korar mai gayya." A ranar na fara jin cewa ita ce ke ba da waƙar gaɗa a dandalin Jiratawa tana budurwa, har daga ƙauyuka ake zuwa saurarenta. Ta soke abincin rana, ta ce zabiya ba ta cika ciki. Shatu ta koma ɗakin madubi safe da yamma. Akwai wurin da ɗigo-ɗigo ke saukowa sai an danna daidai da kiɗa, ni kullum kuskurewa nake don da ido nake bi. Iya ta saurara sau biyu ta ce, "Wanga ai lugude ne." Ta rufe ido, manyan yatsunta suka kama aiki kamar taɓare biyu a turmi ɗaya. Tufafi ne kawai muka yi ciniki a kansu. Ta yarda da rigar ƙyalƙyali, amma da safa har cinya da wata hula mai kunnen zomo, don kai dai ba ya zama a buɗe.

Ranar tauraro maƙwabta mata uku suka shigo kallo, ɗaya da kullun ƙosanta a hannu. Kujerun sun kusa cika. Iya ta yi lugudenta har goshinta ya jiƙe. Da aka gama sai lamba huɗu ta fito, abu ɗaya tak da muka iya karantawa, ko da yake ba mu san cikin nawa ba ne. Sannan Shatu ta fito. Hannayenta na fara dubawa: babu akwati. Ta yi magana mai tsawo, hawaye na zuba, ta rusuna. Iya ta gyara zama ta ce, "Ba komi, ɗiyata, yi wa kai ne." Mai ƙosai ta rangaɗa guɗa.

Batirin na'urar ya kumbura tun ina kolej, Iya kuma shekarunta bakwai a ƙasa, bedin ma an sare shi an yi ɗaki. Yanzu salular 'yata, in an haska ta kan kowane rubutu, sai ta fassara shi nan take. Mun gwada da kayena: rumbu dai abinci ne, mai jingina da itace hutu ne. Jawabin Shatu ne kawai ban kwafa ba, don a ranar murna ta mantar da ni kayen. Har yau ban san abin da ta ce ba, amma na san an ba ta amsa.